Ƙamshin Mangwaro a Furen Ƙasar Sanyi

Akwai wani tsiro mai yaɗo da Turawa ke kira hof, wanda in ka kawo shi ƙasarmu ka shuka, ka ba shi taki da ruwa da duk lallashin da manomi ya iya, ba zai yi maka abin a zo a gani ba. Ba ƙasar ce ta gaza ba, yinin ne bai yi masa tsawo ba. Yana son bazarar ƙasashen sanyi, inda haske ke kai awa 15 ko 16 kafin duhu ya shigo, yana kuma son hunturu mai tsanani da zai kwantar da saiwarsa ta huta. Shi ya sa ake nomansa tsakanin digiri 35 da 55 daga ikwaita, a Hallertau ta Jamus, da Kent ta Ingila, da kwarin Yakima na jihar Washinton a Amurka. Nijeriya kuwa ɗungurungum tana tsakanin digiri 4 da 14 ne, inda dare da rana ke raba awa 24 kusan daidai wa daida duk shekara. A irin wannan gajeren yini hof yakan yi gaggawar fure tun bai tasa ba, ya tsugune. To, wannan tsiro da ba ya iya zama a ƙasar mangwaro, wasu daga cikin ire-irensa ƙamshin mangwaro suke yi. Shi mangwaron kuma, in ka kai shi Yakima, sanyin dare ɗaya na hunturu ya ishe shi.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu ba sa kusantar giya, addininsu ya hana, kuma ba gayyatar kowa nake yi zuwa gare ta ba. Ni kaina na tashi a gidan da ba a shigo da ita. Mu Hausawa ne Kiristoci daga wani ƙauye a kudancin Katsina, kakanninmu Maguzawa, cocinmu kuma ba ya wasa da maganar sha. Aiki ne ya haɗa ni da ita. Bayan na gama digirina a fannin sinadaran jikin halittu a Zariya, bautar ƙasa ta jefa ni Legas, ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin kamfanin abin sha. Ɗaya daga cikin ayyukanmu shi ne mu zauna mu shida a gaban kofuna marasa suna, mu shinshina, mu kurɓa, kowa ya rubuta abin da ya ji. Da safe ake yi, kafin a ci abu mai yaji, ba turare a jiki, ba magana da na kusa. Kurɓa biyu ce ko uku, sai a kuskure baki da ruwa.

Wata rana shugabar ɗakin ta dawo daga Ingila da gwangwanaye shida a jakarta, ta naɗe su cikin tufafi kamar mai ɗauke da ƙwai. Irin giyar da suke kira fel-el ce, wato giya mai hasken launi, daga wani ƙaramin gidan dafa giya na can. A jikin gwangwanin an rubuta sunayen ire-iren hof biyu da aka zuba mata, Citra da Mosaic, kamar yadda mai turaren wuta za ta gaya maka akwai gajiji da sandal a haɗinta. Kamfanin yana tunanin ko zai iya yin makamanciyarta, ana son a ji abin da hancinmu zai ce. Kwana 12 kacal ke nan da cika gwangwanin. Aka buɗe biyu, aka ajiye sauran a kan kanta don a ga yadda zaman Legas zai yi da su.

Launinta na zumar da aka sirka da ruwa ne, da ɗan hazo a ciki irin na safiyar hunturu, wanda ba ya bari ka ga yatsanka sosai ta bayan kofin. Farar kumfa ta taru a sama ta ƙi kwanciya. Ban kai ga ɗaga kofin ba ƙamshin ya iso gare ni, mangwaro ne kuwa, ba tantama. Sai dai wanda ya yi ƙuruciya a gindin mangwaro ya san cewa mangwaro ba ƙamshi ɗaya gare shi ba. Akwai na tsokar wanda ya nuna ya yi luguf, akwai na ɓawon da rana ta dafa, akwai na wanda ya faɗo ya kwana a ƙasa ƙudaje sun same shi. Wannan ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Ƙamshin ƙaron nan ne da ke tsartuwa daga hancin mangwaro lokacin da ka tsinke shi ya ƙosa bai nuna ba, ƙaron da ke ƙona wa yara gefen baki har iyaye su gane inda aka yini. Ɗanye ne, mai kaifi, da ɗan warin kananzir can a ƙarshensa. A bayansa gwaba ta biyo, mai jan ciki, wadda ta kwana a ɗaki rufe har ta cika shi. Sannan ɓawon garehul, kamar an matsa shi kusa da ido. Na riƙe kofin a tafin hannu ya ɗan rage sanyi, sai wani abu ya ɗago daga ƙasa, tsakanin ɗanyar albasa da zarni, kaɗan ƙwarai, wanda da ya ƙaru da ƙiris da ya ɓata komai.

Da na kurɓa sai na tarar hanci ya yi alkawarin da harshe bai san da shi ba. Babu zaƙi. Ɗan garɗin hatsi ne ya fara zuwa, kamar na gasasshen burodi, bai daɗe ba ɗaci ya taso ya rufe shi. Ba ɗacin maɗaci ba ne mai sa a yamutsa fuska, ya fi kama da na shuwakar da aka wanke sau biyu aka bar mata saura. Masu gwajin giya ba sa tofarwa kamar masu gwajin ruwan inabi, domin sai ɗacin ya wuce maƙogwaro ake sanin tsawonsa. Na haɗiye, ya zauna kusan minti guda, ya bar bauri a dasashi da ɗan maƙaƙi a wuya. Sai na yi abin da aka koya mana: na toshe hanci na sake kurɓa. Mangwaro ya ɓace ɓat, gwaba ta ɓace, ruwa mai ɗaci da iska kawai ya rage a bakina. Ina sakin hancin suka dawo gaba ɗaya, ta baya, daga maƙogwaro zuwa sama. Harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da daɗin nan na romo da daddawa. Mafi yawan sauran abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne, wanda ke da na'urorin kama ƙamshi iri kusan 400.

Babu ko ɗigon ruwan 'ya'yan itace a cikin gwangwanin nan. Ruwa ne, da tsiron sha'ir, da yis, da hof. A ƙarƙashin ɓawon furen macen hof akwai wani gari rawaya mai danƙo, kamar garin ɗorawa, ana kiransa lufulin. Abu biyu ke cikinsa, ƙaro mai ɗaci da maiƙo mai ƙamshi, kuma halinsu ya saɓa. Ƙaron ba ya sakin ɗacinsa sai an tafasa shi kamar awa guda, maiƙon kuwa tafasa ce ajalinsa, yana bin tururi ya tafi. Saboda haka mai dafawa yakan raba zubinsa: na ɗaci da wuri, na ƙamshi a ƙarshe, wani ma sai wuta ta mutu, giya ta huce, yis ya yi nisa da aikinsa, sannan a zuba busasshen fure a bar shi kwanaki. Duk wadda ta iya miya ta san da wannan, tun da daddawa da wuri ake saka ta, ɗoɗɗoya kuwa sai an kusa saukewa.

Babban rabon wannan maiƙo wani sinadari ne mai suna mirsin, kuma yana cikin mangwaro shi ma. Akwai kuma wasu 'yan ƙanana da ake kira tayol, masu ɗauke da farar wuta, dangin abin nan da ake zuba wa iskar gas ta girki don a ji warinta in ta zube. Ɗaya daga cikinsu an same shi a gwaba da garehul, shi ɗin dai, ba mai kama da shi ba. Hanci yana kama wasunsu ko da 'yan nanogiram ne a cikin lita guda, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Wani in ya yi kaɗan ƙamshin 'ya'yan itace ne, in ya yi yawa fitsarin kyanwa. Tsofaffin masu dafa giya na Ingila, waɗanda suka saba da hof ɗinsu mai ƙamshin ƙasa da ciyawa, sun daɗe suna ɗaukar wannan ƙamshi na hof ɗin Amurka a matsayin aibi. A 1972 aka fitar da irin Cascade a jihar Oregon, a 1980 kuma wani mutum mai suna Ken Grossman ya dafa fel-el ɗin Sierra Nevada da shi a garin Chico na Kalifoniya, sai abin da ake ɓoyewa ya zama abin talla. Daga nan masu haɗa iri suka shiga farautar ƙamshin 'ya'yan itace da gangan, aikin da kan ci shekara goma ko fiye kafin iri ɗaya ya kai kasuwa. Mosaic da ke cikin kofina a 2012 ya fito.

Muna cikin wannan zama wani dattijo Bakano da ke kula da na'urorin ɓangaren lemun kwalba ya zo wucewa ta ƙofa. Musulmi ne, bai taɓa shiga zaman gwajinmu ba, ba a kuma taɓa neman ya shiga ba. Ya ja birki, ya ɗaga hanci, ya ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kofa, wa ya shigo da mangwaro ɗakin nan?" Na ce, "Malam, babu mangwaro, abin da ke cikin kofunan nan ne." Ya sake jan iska daga inda yake tsaye, ya girgiza kai. "Ɗanye ne ma. Wanda ya tsinko shi bai yi haƙuri ba." Ya wuce abinsa. Daga nisan taku biyar, ba tare da ya taɓa kofi ba, ya faɗi abin da na ji daidai.

Takardar da ke gabana ce ba ta da wurin rubuta shi. An tsara ta ne bisa wani jadawalin kalmomin ɗanɗanon giya da wani masani mai suna Morten Meilgaard ya jagoranci haɗawa a shekarun 1970, aka yi mata ƙare-ƙare daga baya. A cikinta jan tuffa yana da layinsa, ɗanyen tuffa yana da nasa daban, haka wasu 'ya'yan itatuwan Turai da ban taɓa gani ba sai a hoto. Sannan ga layi guda ɗaya tak, da kalma ɗaya ta Turanci mai nufin "na ƙasashe masu zafi". A cikin wannan layi aka cusa mangwaro da gwaba da abarba da gwanda, kamar fasinjojin motar kasuwa. Ban ga laifin wanda ya tsara ba, domin kowa da abin da ya tashi yana ci yake auna duniya, kuma wanda bai san mangwaro ba sai a kwalin jus ba zai raba Binta suga da fafaranda ba, balle ɗan Kamaru da ƙaramin nan mai zare da ke maƙale a haƙori. Amma kalmar ta mutumin nesa ce. Daga nesa ne duwatsu ke zama shuɗi ɗaya. Mu da muke zaune a cikin zafin ba mu da wani abu mai suna ƙamshin ƙasashe masu zafi, kamar yadda ban tsammanin Bature yana cewa tuffa tana ƙamshin ƙasashe masu sanyi. Abin dariyar ma shi ne waɗannan 'ya'yan itatuwa su kansu baƙi ne a wurinmu: mangwaro daga yankin Indiya ya zo, gwaba da abarba daga nahiyar Amurka. 'Yan gida na asali, su tsada da kanya da ɗinya da taura da goruba, ko a cikin motar ba su samu wuri ba.

Na sa alama a layin, tun da shi aka ba ni, sannan na cika gefen takardar da Hausa. Harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage. Muna da ƙamshi da wari da ɗoyi, muna da ƙarni na jini da kifi, da ƙauri na abin da ya ƙone, da zarni, da hamami. A baki muna da bauri, da gafi na ɗanyen wake, da maƙaƙi, da garɗi, da lami na abin da ba shi da gishiri. Shugabar ɗakin, wadda ba ta jin Hausa, ta kira ni ta ce in fassara mata. Bauri ya sami kalma ɗaya doguwa ta littafi, maƙaƙi kuwa sai da na yi jimla biyu ina nuna wuyana. Ta yi dariya ta ce in ci gaba da rubuta su, za a gani ko suna da amfani.

Ɗacin ne ya ja tunanina zuwa gida, domin ɗacin hof ba don daɗi aka fara neman sa ba. Yana hana ƙwayoyin da ke sa tsami yaɗuwa, irin waɗanda ke mayar da madara nono. Giyar da aka cika wa hof tana daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa ta dace da jiragen ruwan da ke kai wa Turawan mulki kaya Indiya, tafiyar watanni ta kudancin Afirka, ana tsallake ikwaita sau biyu. Daga shekarun 1820 garin Burton na Ingila ya yi suna a wannan ciniki, saboda ruwan rijiyoyinsa yana da gishirin dutsen da ake kira jifsam, wanda ke sa ɗacin ya fito tsaf. Har yau masu dafa irin wannan giya a wasu wurare sukan zuba jifsam a ruwansu don su kwaikwayi na Burton.

Burkutun da kakata ta yi shekaru tana dafawa kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Tsamin da hof ke kora shi ne ranta. Ba a tace ta ta yi garau, ana shan ta tana kan tashi, kuma in ta kwana biyu ta zama ruwan tsami. Kaka ta ajiye sana'ar tun kafin a haife ni, lokacin da mahaifina ya shiga coci ya roƙe ta, manyan tukwanenta kuma suka koma na ajiye ruwa. Ba a maganar a gidanmu. A daren ranar na kira ta a wayar ƙanena, na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari. "Angona, ashe giya ka je koyo a Ikko? Ai da ka tambaye ni, da ban karɓi kuɗin makaranta ba."

Na ce to ta koya mini yanzu. Ta fara tun daga jiƙa dawa, da shimfiɗa ta a rufe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, da shanya, da niƙa. Sai ta zo wani wuri da ya sa na tashi zaune. Ta ce bayan an dama garin da ruwa akan bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa gurbin shi kaɗai har ya yi kauri, a bar shi ya sha iska, sannan a mayar masa da ruwan nan. Na ce, "Kaka, don me ba a dafa su tare?" Ta ce, "In ka dafa ruwan sama ka kashe shi. Ba za ta yi zaƙi ba." Abin da na zauna jarrabawa a kansa ke nan. Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafin da ya fi na sha'ir, zafin da ke kashe sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari. Waɗannan sinadarai suna cikin ruwan saman, don haka sai a tsame su a ɓoye, a dafa sitacin, a dawo da su. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya suka koma kan dawa, har da irin kaura gajere mai lamba SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar, wannan matsala ce ta tare su, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka bi ita ce wannan ta tsiyaye ruwan sama. An kuma yi ta gwada shuwaka da namijin goro a jami'o'inmu, ko za su maye gurbin hof. Ɗaci dai suna da shi. Ƙamshin mangwaron ne babu.

Ta tambaye ni yadda ta Turawan take a baki. Na ce hanci mangwaro, harshe shuwaka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Me ta yi musu suka zuba mata ɗaci haka?" Na ce tafiya ake so ta yi, Kaka, har wata ƙasa. Ta ce tata ba ta taɓa wuce kasuwar ƙauyen gaba ba, kuma kowa ya san tukunyar da ta fito, in ta ɓaci an san ƙofar da za a je. Daga wannan dare nake kiran ta duk Lahadi da yamma da littafi a hannu. Tana da sunan kowane mataki da kowane irin lalacewa, kuma biyu daga cikin kalmomin ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Mahaifina ya ji labari, bai ce komai ba, sai dai ya daina barin wayar a hannun ƙanena ranar Lahadi, yana kai mata da kansa.

Ɗacin hof yana jure tafiya, ƙamshinsa ne ba ya jurewa. Zafi da iskar da ta saura a cikin gwangwani suna cin sa a hankali. Bayan mako shida aka buɗe biyu daga cikin waɗanda aka bari a kan kanta, aka jera su cikin wasu kofuna ba tare da an gaya mana ba. Mu shida duka muka sa alama a layin ƙasashe masu zafi, kamar ranar farko, ta yadda in takardar kaɗai za a bi, babu abin da ya canza. A gefen tawa kuwa na rubuta cewa ƙaron ya tafi, gwabar ta koma kamar wadda aka dafa da sukari, baurin ya ƙaru. Shugabar ta ɗauko takardata ta farko ta ajiye su gefe da gefe, ta daɗe tana dubawa. Mako na gaba aka raba layin nan gida huɗu, aka ƙara ɗaya a ƙasa mai cewa ɗanye ko nunanne.

Gwangwanaye biyu na ƙarshe sai da suka yi wata uku. Launin ya yi duhu, kumfar ta kwanta da wuri, abin da ya fito daga kofin kuma warin jiƙaƙƙen kwali ne da ɗan zaƙin tsohuwar zuma. Ƙofa a buɗe take. Malam ya zo wucewa da faranti cike da kwalabe, ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba.